Na'urar kunne ta matuƙan jirgin sama: Abin da ya kamata ɗalibi ya sani kafin saye

Tun bayan da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura ɗalibai 100 ƙasar Jordan koyon tuƙin jirgin sama, wannan sana'a ta daina zama ta 'ya'yan masu hali kaɗai a idon matasan Kano. A yau ɗan manomi daga Gezawa ko Jogana na iya sa ran shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Cikin kayan da zai fara mallaka akwai na'urar kunne, wadda da ita yake jin umarnin hasumiyar filin jirgi, ita ce kuma ke kare masa ji.

Me ya sa take da muhimmanci?

Ƙarar cikin ƙaramin jirgin koyo takan haura desibel 85, ma'aunin da masana lafiya suka ce zaman sa'o'i 8 a cikinsa kullum na lalata kunne. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Gwajin ji kuwa na cikin binciken lafiyar da hukumar NCAA ke buƙata kafin bayar da lasisi ko sabunta shi. Ke nan sakaci da kunne na iya raba matuƙi da aikinsa.

Iri biyu ne

Na farko yana toshe ƙara ne da kauri da matsi kawai. Misalinsa David Clark H10-13.4, mai rage kimanin desibel 23. Ba ya buƙatar batir, yana da ƙarko, farashinsa ɗaruruwan daloli kaɗan ne, sai dai yakan matse kai a doguwar tafiya.

Na biyu yana sauraren rugugin inji, sannan ya fitar da sautin da ke soke shi. Bose A30 da Lightspeed Zulu 3 na wannan rukuni. Sun fi sauƙin ɗauka a kai, amma suna cin batir, kuma Bose A30 ya haura dala 1,000.

Abubuwan dubawa

A sa na'urar na tsawon lokaci kafin biya, domin matsin da ba a ji a minti biyar yakan zama ciwon kai bayan sa'a biyu. Mai sa tabarau ya lura, ƙafar tabarau na buɗe kafar da ƙara ke shiga. Zafi da gumi da ƙurar hunturu na busar da matashin kunnen, don haka a zaɓi wanda ake samun canjinsa. A kuma tambayi makaranta irin soket ɗin jiragenta: yawancin ƙananan jirage baki biyu ne, masu saukar ungulu baki ɗaya.

Ga ɗalibin da ke lissafin kowace naira, na farko ya wadatar. Wanda tashi ya zame masa aikin kullum, kuɗin na biyu ba asara ba ne.