Baƙo, Ɗan Gari da Kwalba: Tarihin Dokar Giya a Bakin Matan Fada

Bikin kamun kifi na Argungu yakan faɗo tsakanin Fabrairu da Maris, lokacin da ruwan Matan Fada ya ja baya har masunta za su iya shiga da homa da gora. Duk shekarar da aka yi shi, otal-otal na Birnin Kebbi da Argungu kan cika da baƙi: jakadu, 'yan jarida, 'yan kasuwa daga Legas da Abuja, da Turawa masu yawon buɗe ido. Tare da su wata tambaya kan zo, wadda ba a cika yin ta da ƙarfi ba. Jihar da ke bin shari'ar Musulunci, kuma take son duniya ta zo bikinta, yaya za ta yi da baƙon da ya saba shan giya a wurin shagali? Tambayar ta girmi jihar Kebbi, ta ma girmi bikin kansa. Amsar da aka riƙa ba ta tun zamanin Turawa kusan iri ɗaya ce: a hana ɗan gari, a bar wa baƙo ƙofa.

Kafin mu shiga tarihin gida, ya kamata mu leƙa wani wuri da ya daɗe yana fama da irin wannan tambaya. A daidai watan Maris ɗin ne ɗaliban jami'o'in Amurka ke samun hutun mako guda na tsakiyar zango, dubbai daga cikinsu su nufi bakin teku a jihar Fulorida, wasu su hau manyan jiragen ruwa na shaƙatawa zuwa tsibiran Karebiyan. Alaƙar jirgin ruwa da giya a can ta samo asali ne daga shekarun 1920 zuwa 1933, lokacin da Amurka ta haramta barasa a ƙasarta. A 1923 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa babu jirgin da zai shigo da giya cikin mil uku daga gaɓa, amma haramcin bai bi jirgi zuwa tsakiyar teku ba. Sai masu hali suka riƙa sayen tikiti zuwa Habana da Nasau, suna jiran jirgi ya wuce layin a buɗe mashaya. Wanda ba shi da kuɗin tikiti ya zauna a gida ƙarƙashin doka.

A yau kamfanonin jiragen sun tsaurara da kansu, saboda sun ga abin da maye ke jawowa a kan ruwa: faɗa, ɓarna, da faɗawa teku. Kamfanin Carnival ba ya ba wanda bai kai shekara 21 ba giya, daidai da dokar Amurka ta 1984. Wanda ya biya kuɗin sha na tafiyar gaba ɗaya ma ba ya wuce kofi 15 a rana, kuma kwalbar da fasinja ya saya a tashar da aka yada zango, ma'aikata na karɓe ta sai ƙarshen tafiya. A jiragen Royal Caribbean shekarun sha 21 ne idan an tashi daga Amurka ta Arewa, 18 idan an tashi daga Turai. Abin lura shi ne duk waɗannan a rubuce suke, fasinja yana ganin su tun kafin ya biya kuɗi.

A ƙasar Kabi, hukuncin giya ya riga Turawa zuwa. A mazhabar Malikiyya haddin Musulmin da ya sha bulala 80 ne, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa ci da shan abin da aka haramta cikin laifuffukan da yake zargin sarakunan zamaninsa da su. Birnin Kebbi ta faɗa hannun mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805. Kabawa suka koma Argungu, suka shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna yaƙi da Gwandu da Sakkwato, musamman bayan tawayen Yakubu Nabame a 1849. Rigimar ta mulki ce tsakanin Musulmi da Musulmi. A kudancin abin da yake jihar Kebbi a yau kuwa, a ƙasar Zuru da wasu sassan Yawuri, akwai al'ummomin da dafa burukutu da dawa ya daɗe cikin bukukuwansu na noma da aure. Tun fil azal yankin ba launi ɗaya ba ne.

Barasar Turai ta jirgin ruwa ta shigo Najeriya. A ƙarni na 19 jiragen 'yan kasuwa sun riƙa sauke akwatunan jin na Holan da Jamus a bakin teku da mashigin Neja, ana musayar su da manja. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Burasal, wadda ta ce a hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba saboda addini ko wani dalili. Da Lugga ya kafa tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, sai ya ayyana Arewa a matsayin yankin haramci, kuma bayan cin Sakkwato a Maris 1903 wannan alkawari ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da Turawa ke nuna wa sarakuna a matsayin shaidar ba su zo taɓa addini ba.

Amma haramcin na 'yan ƙasa ne. Bature mai mulki, hafsan soja da wakilin kamfani suna shigo da nasu da takardar izini. Dokar giya ta 1917 ta raba Najeriya gida uku: inda aka hana, inda ake sayarwa da lasisi, da inda aka taƙaita. Jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911 ya kawo ma'aikata daga Kudu, aka zaunar da su a Sabon Gari, a wajen ganuwa kuma a wajen ikon alƙali. A nan ne kalmar bariki ta sauya ma'ana a Hausa. Asalinta mazaunin soja da Turawa, amma har yau idan aka ce wane ɗan bariki ne, ko wance tana zaman bariki, kowa ya san ana nufin wanda ya fita daga tarbiyyar gari. Harshe ya adana tarihin dokar fiye da takardun gwamnati. Akwai kuma batun kuɗi: harajin barasa na daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnatin Kudu, kuma bayan haɗewar 1914 daga baitulmali ɗaya ake cike giɓin Arewa. Gardamar da ake yi yanzu kan rabon harajin kayan masarufi da ake karɓa a kan giya, jikar waccan ce.

A cikin wannan yanayi aka haifi bikin Argungu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin kamun kifi don girmamawa, aka rufe babin gabar da ta haura shekara ɗari. Wato babban baƙon farko na bikin shi ne jagoran Musulmin ƙasar. Daga baya ne aka fara kallonsa da idon yawon buɗe ido, musamman bayan 1970 da Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta. Aka gina masauki irin su Grand Fishing Hotel, aka ƙara tseren kwale-kwale, kabanci, kokawa, dambe da baje kolin amfanin gona.

Dokar ƙasa ma ta ci gaba da tafiya a kan layi biyu. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960 zamanin Sardauna, ya sa shan giya laifi ne a sashe na 403, amma ga Musulmi kaɗai. Shekara uku bayan haka, a 1963, kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe masana'anta a Kaduna. An ƙirƙiro jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, kuma a shekarar 2000, zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, ta bi sahun Zamfara wajen faɗaɗa shari'a zuwa hukunta laifuffuka. Duk da haka kotunan shari'a Musulmi suke hukuntawa, kuma a jihohin da suka ɗauki wannan tsari kasuwannin mami na cikin barikin soja, da yake harabar gwamnatin tarayya ce, sun kasance wuraren da hannun Hisba bai cika kaiwa ba. Kebbi tana da ƙari a kan haka: ta yi iyaka da Nijar da Binin, inda ake sayar da giya bisa doka. Daga Kamba zuwa Gaya ba wata tafiya ba ce. Layin mil uku na Amurkawa, a nan shingen kwastan ne da ƙofar bariki.

Mu masu rubuta manhaja mun san cewa ƙa'idar da togaciyarta ba a rubuce take ba, ita ce ke rushe tsari, domin kowa zai fassara ta yadda ya ga dama. Haka abin yake a nan. Idan an kama lebura da kwalba an yi masa bulala, alhali mai babbar mota yana sha a bayan katanga ba wanda ya ce masa uffan, matashin da ke kallo zai ɗauka cewa dokar ta talaka ce. Baƙon da ba a gaya masa komai ba kuma yana iya yin abin da zai jawo masa wulaƙanci, ya koma gida ya ɓata sunan bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Bikin ya riga ya yi asarar shekara goma, daga bayan na 2009 har zuwa Maris 2020, ba shi da sauran lokacin ɓatawa.

Argungu ba baƙuwar doka mai tsauri a kan ruwa ba ce. Ana hana su a wannan yanki na kogin har ranar biki. Ba mai shiga sai an ba da alama, kuma cikin kimanin awa ɗaya an gama. Sarkin Ruwa na da ta cewa a kan lafiyar kogin. A 2008 da aka gano wanda ya zo na ɗaya ya shigo da kifinsa ne daga wani wuri, an ƙwace kyautar. Garin da ya iya wannan zai iya rubuta shafi guda, da Hausa da Ingilishi da Faransanci, a sa a intanet da ƙofar kowane masauki, a bayyana abin da aka hana, a ina, da kuma hukuncin wanda ya karya, ba tare da ware babban baƙo ba.

Ya kamata shafin ya wuce maganar kwalba. Abin da ya fi addabar matasanmu yau ƙwaya ce da maganin tari, har gwamnatin tarayya ta hana sarrafa mai kodin a 2018. Dubban mutane ne ke afkawa ruwa lokaci ɗaya a Matan Fada, ana turereniya, ana nutso bayan giwan ruwa mai nauyin mutum. Wanda ya shiga ba cikin hayyacinsa ba, ko ya tuƙa kwale-kwale a buge, ransa da na maƙwabcinsa ya sa a haɗari, ko me ya sha, ko daga ina ya zo. Wannan ne darasin da kamfanonin jiragen Amurka suka koya da tsada, kuma masarautar Argungu da gwamnatin Birnin Kebbi na iya ɗaukar sa kafin biki na gaba.