Ceto a Matsayin Ma'aunin Nufin Allah: Nazari kan Tunanin Kiristocin Nijar

A unguwar Wadata ta birnin Yamai, inda kasuwa da tashar mota ke haɗa Bahaushe da Bazabarme da baƙi daga Benin da Najeriya, da wuya a gama ciniki ko sallama ba a ambaci yardar Allah ba. Direba ya ce Allah ya kai mu lafiya, fasinja ya amsa da amin, babu mai tambayar addinin wani. Kirista da Musulmi sun yi tarayya a wannan harshe. Tambayar da wannan maƙala ta ɗauko ita ce: ta wace hanya Kirista ke gane cewa abu kaza nufin Allah ne? Hujjata ita ce koyarwar ceto ta hana shi auna nufin Allah da riba ko asara, kuma tarihin Kiristanci a Nijar ya goyi bayan haka.

A bangaskiyar Kirista, ceto alheri ne da Allah ya bayar ta wurin mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu, ba ladan aikin mutum ba. Abin lura shi ne, babban aikin da masu bi ke cewa ya bayyana nufin Allah, a idon waɗanda suka tsaya wurin ranar, faɗuwa ce: an kama mutum, almajiransa sun watse, an kashe shi kisan wulaƙanci. Wanda ya gina imaninsa a kan haka ba shi da damar cewa duk inda aka ga wahala Allah ya juya baya. Linjila kanta ta rufe wannan ƙofa. A Luka sura 13, Yesu ya ƙi yarda cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi.

Tarihin mishan ma haka ya nuna. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga yankin Sudan, wato ƙasashen da ke kudu da Sahara. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, daga baya Bingham, wanda shi ma ya sha zazzaɓi, ya koma gida. Da sakamakon farko ne ma'auni, da an naɗe tabarma tun nan. Amma ƙungiyar da ta fito daga wannan yunƙuri, wato SIM, ta isa Damagaram a 1924, ta zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan ta kafa wurin jinyar kutare a Danja. Ɗariƙar Katolika kuwa ta kafa mishan a Yamai a 1931. Duk da haka, bayan kusan shekara ɗari, Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba. Mai lissafin kasuwa zai ce an yi asara. Likitan Galmi da ke yi wa mace tiyatar haihuwa da tsakar dare, ba tare da ya tambaye ta ko za ta karɓi bishara ba, yana aiki da wani ma'auni dabam: an riga an faɗa masa abin da Allah ke so game da maƙwabci, don haka ba ya jiran wata alama.

Gwaji mafi tsanani ya zo a watan Janairu na 2015. Bayan jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram ranar 16, ta kai Yamai ranar 17. An rasa rayuka 10 a biranen biyu, kuma 'yan sanda sun ce an ƙona majami'u 45 a Yamai kaɗai, ban da otal-otal da mashaya. Kiristocin da ba su taɓa ganin jaridar ba su ne suka biya. Fassara biyu masu sauƙi suna nan a kusa: ko a ce hukunci ne saboda zunubin ikilisiya, ko a ce ƙaddara ce, a yi shiru. Shugabannin majami'u, na Katolika da na sauran ɗariƙu, ba su bi ko ɗaya ba. Sun kira abin da sunansa, zalunci, sun nemi hukuma ta kare 'yan ƙasa, sannan suka yi shelar gafara. An yi sujada cikin gine-ginen da bangonsu ya yi baƙi da hayaƙi. Ya kamata a tuna kuma, akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu, akwai malamai da suka fito suka yi tir da ta'asar.

Wannan matsayi ba sabo ba ne. Bayan an washe birnin Roma a shekara ta 410, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta babban littafinsa kan birnin Allah don ya nuna cewa tashi da faɗuwar dauloli ba sa bayyana wanda Allah ke ƙauna.

Akwai mai ja da wannan matsayi, kuma ba a wajen ikilisiya yake ba. Wasu sababbin majami'u, a Yamai kamar a Legas da Kwatano, suna koyar da cewa ceto ya haɗa da lafiyar jiki da buɗin kasuwa, wanda bai samu ba kuwa bangaskiyarsa ce ta gaza. Bai dace a raina masu zuwa can ba. Matar da ke sayar da kayan miya, ga ciwo ga kuɗin haya ga yara, tana da haƙƙin ta roƙi Allah sauƙi, kuma Linjila cike take da labaran warkarwa. Tsofaffin majami'u ma sun sha yin wa'azin lahira ga mai jin yunwa. Matsalar tana wurin mayar da roƙo ya zama ciniki. Idan baiko ne ke sayen amsa, alheri ya daina zama alheri, kuma talakan da ya ba da ɗan abin da yake da shi bai ga canji ba zai koma gida da talaucinsa, a ƙara masa da zargin kai. Irin wannan koyarwa ba ta da abin faɗa wa faston da ya tsaya kan tokar majami'arsa a 2015, balle ga Fada Pier Luigi Maccalli, wanda aka sace a ƙauyen Bomoanga na Nijar a 2018 ya shafe shekara biyu a hannun 'yan bindiga.

Saura batun zaɓin yau da kullum: aure, sana'a, ƙaura zuwa ci-rani. A nan ma ceto ne ke sauƙaƙa lamarin. Wanda ya gaskata an riga an karɓe shi ba ya rayuwa cikin fargabar kuskure ɗaya zai fitar da shi daga shirin Allah. Zai yi addu'a, ya karanta Littafi Mai Tsarki, wanda yake da shi cikakke da Hausa tun 1932, ya shawarci dattawan ikilisiya ko zumuntar mata, sannan ya yanke shawara da hankalinsa. Makarantun horar da fastoci a Nijar za su fi amfanar masu bi idan suka koyar da wannan, maimakon barin fagen ga masu sayar da mafarki da annabci.