Yadda Takardar Lasisi Ta Komo da Namun Daji a Amurka

Idan aka ce wa maharbin ƙauye sai ya je ofis ya biya kuɗi kafin ya shiga daji, abin da zai fara tambaya shi ne, "Wa ya yi kiwon barewar da har za a sayar mini da ita?" Mutanen Amurka ma sun yi wannan tambaya, da fushi kuwa, har aka zub da jini a kanta. Amma yau a jihohinsu hamsin duka, baligin da zai yi farauta, ko su, ko ɗana tarko, sai ya sayi lasisi daga hukumar jiha, in ban da waɗansu da doka ta ɗauke wa. Bari mu bi labarin wannan takarda, gama da kuɗinta aka komo da namun da suka kusa ƙarewa, da ita kuma aka rufe wa waɗansu mutane ƙofar daji.

Sai mu fara daga Ingila, inda yawancin Turawan farko suka fito. A can naman daji na sarki ne da manyan masu ƙasa. Wata doka ta 1671 ta ce ba mai izinin farauta sai wanda filayensa suke kawo masa fam 100 a shekara, kuɗin da talaka ba ya ko mafarkinsa. Manomi yana kallo zomo yana cinye masa shuka, amma ba shi da ikon kashe shi. A 1723 aka ƙara wata wadda ta fi tsanani: wanda aka kama a gandun daji da makami, ya shafe fuskarsa da baƙi don kada a gane shi, hukuncinsa rataya. Saboda haka waɗanda suka haye teku suka tafi da ƙiyayyar dokar farauta a zuciya. A sabuwar ƙasa daji na kowa ne, haka suka ce, suka kuwa aikata.

Ƙasar tana da nama kamar ba zai ƙare ba. Ɓaunar Amurka, mai tozo da gemu, an ƙiyasta ta kai miliyan 30 a filayen yamma. Akwai wata irin kurciya mai tafiya garke-garke, wadda in ta taso takan rufe rana sa'o'i da yawa. Masana sun ce ta kai biliyan 3 ko fiye. Sai jirgin ƙasa ya zo, da wayar tangaraho, da bindiga mai ɗauri da yawa. Farauta ta zama sana'ar kasuwa. Ana kashe ɓauna don fata kaɗai, a bar naman ya ruɓe. Ana cika ganguna da kurciyoyi a aika birane. A 1889, da wani masani mai suna William Hornaday ya yi ƙidaya, ɓaunar da ta ragu kimanin dubu ɗaya ce. Kurciyar kuwa, ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan ajiye dabbobi na birnin Sinsinati ranar 1 ga Satumba, 1914. Sunan da suka sa mata Marta.

Ba wai babu dokoki ba ne. Tun 1646 wani gari mai suna Portsmouth ya hana harbin barewa a waɗansu watanni na shekara, wurare da yawa kuma suka bi sawu. Amma doka ba ta da ƙafa, sai an sami mai tsaron ta, mai tsaro kuwa sai da albashi. Akwai kuma tambayar da ta fi wannan zurfi, wato da wane iko jiha za ta hana mutum abin da ba na kowa ba?

Kotun Ƙoli ce ta amsa, a kan rigimar kawa. Wani mutum ya ce gindin kogin Raritan a jihar Niyu Jasi nasa ne, da kawar da take ciki, yana kafa hujja da kyautar da Sarki Charles na Biyu ya yi wa ƙanensa tun 1664. A 1842 kotu ta ce sarki ya riƙe ruwaye ne amana domin jama'a, da aka sami 'yancin kai kuwa amanar ta koma hannun mutanen kowace jiha. A 1896 aka shimfiɗa wannan magana a kan tsuntsaye da namun daji, a shari'ar wani mai suna Geer da jihar Kanetikat. Daga baya, a 1979, kotu ta janye kalmar cewa jiha ce mai mallakar naman, amma ta bar mata ikon kiyaye shi. Wannan amana ba baƙuwa ba ce a wurinmu: inda Sarkin Ruwa yake rufe gurbi har ranar su, ba don kifin nasa ne ba.

Jihar Mishigan ce ta fara ɗaukar mai tsaron namun daji na jiha da albashi, a 1887. A 1895 ta ce duk mai harbin barewa sai ya sayi lasisi: ɗan jiha rabin dala, baƙo dala 25. Dalar Amurka nake nufi, ba dalar sefa ta kasuwar Maraɗi ba, dala 25 kuwa a zamanin nan ta fi ladan lebura na mako biyu. Aka kuma ƙayyade wa kowane mutum barewa biyar. A shekarar farko 'yan jiha fiye da 14,000 suka saya, baƙi kuwa 22 kacal. Mai karatu ya lura da wannan tazara, za mu sake gamuwa da ita. Daga irin wannan ƙayyadewa ne lambar nama ta samo asali, wato 'yar takardar da maharbi yake ɗaura wa dabba da zarar ta faɗi, ya rubuta rana da wuri. Wanda aka tare a hanya da barewa marar lamba, ɓarawo ne a idon doka, ko da lasisinsa yana aljihu.

A jihar Fensilbaniya ne abin ya yi muni. A farkon ƙarni na 20 dubban Italiyawa suka zo aikin haƙar kwal da fasa dutse. A ƙauyukansu na gida cin ƙananan tsuntsaye al'ada ce, a nan kuma albashi kaɗan ne, ranar hutu sai mutum ya ɗauki bindiga ya nemo abin miya. Masu farautar nishaɗi, waɗanda yawancinsu 'yan birni ne masu hali, suka ɗora wa baƙin nan laifin ƙarewar tsuntsaye. A 1903 aka ce duk wanda bai zama ɗan ƙasa ba sai ya sayi lasisin baƙi na dala 10, alhali maƙwabcinsa ɗan ƙasa ba ya biyan ko anini. Kama da tara suka yi yawa, gaba ta shiga. A 1906 aka harbe wani mai tsaro, Seeley Houk, aka jefa gawarsa a kogin Mahoning. Amsar majalisar jiha ita ce dokar 1909, wadda ta hana baƙo farauta ɗungum, ta hana shi ko ajiye bindigar farauta a ɗakinsa. Aka ci wani Ba'italiye mai suna Joseph Patsone tarar dala 25 saboda bindiga, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1914 aka ka da shi. A ganina, jikokin mutanen da suka guje wa dokar 1671 sun sake rubuta ta ne da hannunsu, sai dai inda Ingila ta ce "mai fili", su suka ce "ɗan ƙasa". 'Yan jihar kansu ba su fara biya ba sai 1913, dala ɗaya, aka sayar da lasisi 305,028 a shekarar. Shekaru masu yawa maharbin jihar yana maƙala takardarsa a bayan riga don mai tsaro ya karanta daga nesa, sai a 2012 aka daina tilasta wannan.

To, kuɗi ya fara shigowa, amma ina yake tafiya? A jihohi da yawa yakan faɗa babban baitulmali, 'yan majalisa su ɗiba su yi hanya ko su biya bashi, hukumar daji ta tashi a tutar babu. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Shekarun 1930 suka zo da talauci da fari, fadamun arewa inda agwagin daji suke ƙyanƙyasa suka bushe. A 1934 gwamnatin tarayya ta fito da kan sarki na musamman wanda duk mai harbin agwagwa, daga shekara 16 zuwa sama, zai saya a kan dala ɗaya. Wani mai zanen barkwanci a jarida, Jay Darling, shi ya zana na farkon. Kusan dukan kuɗin, santi 98 cikin kowace dala, fadama ake saya ko a yi haya da shi. A 2015 farashinsa ya zama dala 25, filayen da aka tsare da shi kuwa sun kai wajen eka miliyan 6.

Babban gyaran ya zo a 1937. Tun 1932 akwai harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsashi. Wani mai suna Carl Shoemaker ya tsara doka cewa a riƙa raba wa jihohi wannan haraji domin aikin namun daji, ya kai wa Sanata Key Pittman na Nebada da ɗan majalisa Willis Robertson na Birjiniya. Shi Robertson ya taɓa shugabantar hukumar farauta ta jiharsa, ya san inda kuɗin lasisi yake zurarewa. Ya ƙara jimla ɗaya tak: jihar da take son rabonta sai ta fara yin doka wadda ta hana a taɓa kuɗin lasisin maharba don wani abu dabam, sai aikin hukumar kifi da namun daji. Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu ranar 2 ga Satumba, 1937. Cikin shekara guda jihohi 43 daga cikin 48 na lokacin suka yi dokar.

Dabarar tana da kyau a duba ta. Jiha takan sa dala ɗaya, yawanci daga kuɗin lasisi, tarayya ta ɗora uku. Rabin rabon ana auna shi da faɗin jiha, rabi da yawan masu lasisin da suka biya. Ashe gwamnan da ya sa hannu a asusun lasisi ya ɗebi ɗaya, uku zai rasa, ga kuma maharba masu ƙuri'a suna kallonsa. Harajin ya tsaya a kashi 11 cikin 100 a kan dogayen bindigogi da harsashi. A 1950 aka yi wa masu kamun kifi irin wannan doka a kan ƙugiya da sandar fatsa da sauran kayansu.

Da wannan kuɗi aka sayi dazuzzuka, aka ɗauki masana aiki, aka riƙa kama dabbobi da rai daga inda suka ragu ana sakinsu inda suka ƙare. Barewa mai farar wutsiya, wadda ba ta wuce rabin miliyan ba a 1900, ta kai wajen miliyan 30, har ta zama abin kuka ga manoma da direbobi. Talotalon daji ya komo miliyoyi. Biba, dabbar ruwa mai laushin gashi wadda masu tarko suka kusa sharewa saboda fatarta, ta sake cika rafuffuka. Gaskiya ne ba lasisi kaɗai ya yi aikin ba: hana sayar da naman daji a kasuwa ya taimaka, haka ma gonakin da mutane suka bari suka koma birni, daji ya sake rufe su.

Maganar baƙo da ɗan gida ba ta mutu ba. A 1948 Kotun Ƙoli ta soke dokar Karolina ta Kudu wadda take karɓar dala 25 daga jirgin kamun jatan lande na ɗan jiha, dala 2,500 daga na baƙo, gama wannan hanyar abinci ce. Amma a 1978 ta bar Montana ta ci gaba da karɓar dala 225 daga baƙon da yake son harbin elk, wata ƙatuwar barewa mai ƙaho rassa-rassa, inda ɗan jiha yake biyan dala 9, domin a ganinta wannan nishaɗi ne. Akwai kuma waɗanda suka riga kowa zama a ƙasar. An hukunta Sampson Tulee, mutumin kabilar Yakama, don ya kama kifi da koma ba lasisi. Kakanninsa sun ba da ƙasarsu a yarjejeniyar 1855 bisa sharaɗin za su ci gaba da su a wurarensu na gado. A 1942 kotu ta ce jihar Washinton tana iya tsara lokaci da yadda za a yi su don kada kifi ya ƙare, amma ba ta da ikon sayar wa mutum abin da yake nasa tun asali.

Inda dabba ba ta da yawa, lambar nama ta zama abin ƙuri'a. Mutum yakan yi shekara ashirin yana nema bai dace ba. Waɗansu jihohi kuma sukan ware lamba ɗaya ko biyu su yi gwanjonsu. A 2013 aka sayi lambar ragon dutse guda ɗaya a Montana, ɗan'uwan wanda yake duwatsun Azbin, a kan dala 480,000. Hukuma ta ce kuɗin ragunan yake komawa, haka ne kuwa, amma mai kuɗi ya tsallake layin da talaka yake tsaye a kai.

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Da yake lasisi da harajin nan su ne fiye da rabin kuɗin hukumomin jihohi, hankalinsu ya daɗe a kan abin da ake harbi ko a kama da ƙugiya. Kwaɗo da jemage da ƙananan tsuntsaye ba su da mai saya musu lasisi. Ga shi kuma masu biyan sun ragu tsakanin 1991 da 2016: binciken gwamnatin tarayya ya sami maharba miliyan 14 a 1991, miliyan 11 da rabi a 2016, alhali jama'ar ƙasar ƙaruwa ta yi. Babban kaso na harajin bindiga ma daga mutanen da ba su taɓa shiga daji ba yake fitowa. Jihar Misuri ta hango wannan da wuri. A 1976 mutanenta suka jefa ƙuri'a suka yarda a ƙara santi ɗaya a kan kowace dala takwas ta sayayya, a ba hukumar daji, ko mai sayen maharbi ne ko ba maharbi ba. Sai bayan shekara ashirin, a 1996, maƙwabciyarta Arkansas ta yi irin wannan.