Soso: yadda ake shuka shi da kula da shi a gida

Soso tsiro ne mai yaɗo, ɗan uwan duma da kabewa da kankana. Masana na kiransa Luffa, sunan da ya samo asali daga Larabcin Masar. Daga Dungas har Malawa, Guci da Dogo-Dogo, in damina ta yi nisa za ka gan shi ya lulluɓe danga da furensa ruwan ɗorawa, galibi ba wanda ya shuka shi, iri ne ya faɗi a bayan makewayi ya tsiro. Amma wanda aka shuka da niyya aka kula da shi ya fi girma da tsawo, kuma shi ke da daraja a kasuwa.

Lokacin shuka shi ne saukar damina, cikin Yuni ko farkon Yuli, domin yana bukatar wata 4 zuwa 5 kafin ɗansa ya ƙosa. Irin baƙi ne, mai taurin ɓawo, don haka a jiƙa shi kwana ɗaya cikin ruwa. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe danshi. A haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin dabbobi, a sa ƙwaya 2 ko 3, kada zurfinsu ya wuce gaɓar yatsa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai fito. A bar guda mai ƙarfi, a kewaye shi da ƙaya, don akuya ba ta da kunya.

Soso na son rana sosai, yana kuma son abin hawa. Yaɗonsa kan kai mita 10. To, a nan ake samun ɓarna: tsohon darni ba ya ɗaukar nauyinsa in ya yi ƴaƴa, iskar hadari ɗaya sai ka ga danga a ƙasa, gida a buɗe. A ƙara dirkoki tun da wuri, ko a kai shi kan rumfa, a samu inuwa a kan kari. Ɗan da ya rataya shi ke miƙewa samɓal, wanda ya kwanta ƙasa kuwa lanƙwashewa yake ko ya ruɓe. A riƙa share ƙarƙashinsa saboda maciji da kunama.

Sai maganar fure, inda da yawa ke yanke ƙauna. Tsiro ɗaya na fitar da fure iri biyu. Namiji shi ke fara fitowa, tari guda a kan dogon tsinke, ya buɗe da safe ya kaɗe kafin washegari. Ganin furanni na zuba ba ɗa, sai maigida ya ce ai wannan juya ne, ya tumɓuke shi. A yi haƙuri! Macen na nan tafe, ita kaɗai take fitowa, da ɗan ƙaramin soso a gindinta. Ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin fure daga namiji zuwa mace, shi ya sa ba a fesa maganin ƙwari da safe lokacin da fure ke buɗe. In zuma ta yi ƙaranci, a tsinki namiji a shafa cikinsa a cikin macen da hantsi.

In ruwa ya ɗauke a Satumba ƴaƴa ba su ƙosa ba, a ba shi bokiti ɗaya a gindi bayan kwana biyu-biyu. Ruwan alwala ya wadatar, ban da na omo.

Ana cire shi in ɓawo ya yi ƙasa-ƙasa, ya yi sakayau, iri na kaɗawa a ciki. A fasa ƙarshensa a zazzage irin, a jiƙa, a ɓare, a wanke yauƙin, a shanya. Irin soso mafi tsawo shi ake ajiyewa na baɗi. A Indiya da Sin ana dafa ɗanyensa tun yana ƙarami, amma namu in an ɗanɗana aka ji ɗaci, kada a ci.

Ƴan uwa da ke Kano, Agadas ko Libiya masu cewa a aiko musu da na gida, ku tuna a shanya shi bayan kowane wanka, a kuma sake sabo bayan mako 3 ko 4.