Daga ASCII zuwa glibc 2.28: tarihin jeranta haruffa a rumbun bayanai

A shekarar 1963 aka fitar da tsarin ASCII a Amurka, wanda ya ware lamba ga kowane harafin Turanci. A lokacin jeranta kalmomi ba wani aiki ba ne, kwamfuta za ta duba lambar harafi, ƙarama ta zo gaba. Wannan shi ne tsarin da masu aikin rumbun bayanai suke kira C har yau. Yana da sauri, ba ya canzawa, amma ba ruwansa da yadda mutane suke karanta sunaye. Duk manyan baƙaƙe sai sun wuce kafin ƙanana su fara. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, da Unicode ya ba su lambobi masu nisa, can bayan z suke faɗawa, sai ka ga Ɗanladi ya biyo bayan Zubairu a jerin sunaye.

Kowace al'umma da nata tsarin. Mutanen Suwidin suna ajiye ä kusa da ƙarshen haruffa, Jamusawa suna haɗa shi da a. Saboda haka aka ƙirƙiro saitin harshe da yanki, domin rumbu ya san ƙa'idar da zai bi. Manhajar rumbun bayanai ta MySQL ta daɗe tana zuwa da tsarin Suwidin a matsayin na asali, gadon ƙasar da kamfaninta ya fito, kuma sai a siga ta 8.0 a 2018 aka sauya shi. Ɗimbin rumbuna a duniya sun yi shekaru suna jeranta sunaye da ƙa'idar harshen da masu su ba su taɓa ji ba.

PostgreSQL ya bi wata hanyar, ya bar wa babbar manhajar kwamfuta aikin, wato glibc a kan Linux. Da farko saiti ɗaya ne ga sabar baki ɗaya. Siga ta 8.4 a 2009 ta ba kowane rumbu damar zaɓar nasa, ta 9.1 a 2011 ta kai abin har kan kowane ginshiƙi na tebur. Kuɗin da ake biya wajen bin ƙa'idar harshe shi ne lokaci. Gwada kalmomi biyu bisa ƙa'idar harshe yana bi ne mataki-mataki, a duba ainihin harafi, a duba lanƙwasa ko ɗigo, sannan a duba babba ne ko ƙarami. Ga miliyoyin layuka wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Neman kalmomin da suka fara da wasu haruffa ma ba ya iya amfani da fihirisa ta yau da kullum idan ba a tsarin C ake ba, sai an gina wata ta musamman. An yi yunƙurin rage nauyin a siga ta 9.5 a 2016, amma ba a jima ba aka kashe dabarar ga duk tsarin da ba C ba, domin an gano ayyuka biyu na glibc da ya kamata su yarda da juna suna saɓawa.

Babban tashin hankalin ya zo ne a watan Agusta 2018, da fitowar glibc 2.28, wadda ta sabunta ƙa'idojin jeranta haruffa bisa ma'aunin ISO 14651. A da "11" yana gaban "1-1", yanzu ya koma bayansa. Fihirisa kuwa kamar rajistar makaranta take, an riga an rubuta ta bisa tsohon jeri. Wanda ya ɗaga sabarsa zuwa Debian 10 ko Red Hat 8, masu ɗauke da sabuwar glibc ɗin, ya bar bayanansa yadda suke, rumbunsa zai nemi suna a inda sabuwar ƙa'ida ta ce yana nan, ya rasa, ya ce babu. Layin yana nan daram. Har ginshiƙin da aka hana maimaici yana iya karɓar abu ɗaya sau biyu. Abin da ya fi muni a ganina shi ne a lokacin babu wani saƙon gargaɗi. Maganin shi ne a sake gina duk fihirisar da ke kan rubutu, aikin da kan ci sa'o'i a manyan rumbuna.

Tun 2017, a siga ta 10, PostgreSQL ya fara karɓar ICU, wata manhajar jeranta haruffa dabam da glibc, wadda ke da lambar siga da rumbu zai iya riƙewa ya yi gargaɗi idan ta canza. Ta nan ne Hausa take samun haƙƙinta, domin ƙa'idar da ICU ke ɗauke da ita tana sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, ta kuma ɗauki sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu. Siga ta 15 a 2022 ta ba da damar ɗora rumbu gaba ɗaya a kan ICU. Sai kuma a 2024, siga ta 17 ta zo da nata tsarin na cikin gida mai bin lambar harafi kawai, kusan inda aka faro. Ƙwararru da dama yanzu a kansa suke gina fihirisa, su bar jerin harshe sai lokacin da za a nuna wa mai karatu sakamako.