Kaki da Farar Hula a Cikin Jirgi Ɗaya

Shirye-shiryen talabijin na Amurka masu ƙaga rayuwa a sararin samaniya sun daɗe suna bai wa soja gaskiya a kan ɗan siyasa. A Battlestar Galactica na farko, wanda Glen A. Larson ya ƙirƙira a 1978, shugaban ƙasa Adar ya amince da sulhun ƙarya daga mutum-mutumin Cylon, aka kuwa ragargaza duniyoyi 12 na 'yan Adam. Daga nan majalisar farar hula ta zama taron dattawa masu saurin ruɗuwa, Kwamanda Adama kaɗai ke hangen nesa. Zamanin yaƙin cacar baka ne, kuma mai kallo bai sha wuyar gane wanda ake yi wa habaici ba. A 1996 Star Trek: Deep Space Nine ya ɗan juya akalar, inda wani babban hafsa, Leyton, ya shirya juyin mulki da sunan tsaro, asirinsa ya tonu.

Amma wanda ya ɗauki rigimar da gaske shi ne Ronald D. Moore, da ya sake gina Galactica a 2003, shekara biyu bayan harin 11 ga Satumba. Ya kawo Laura Roslin, ministar ilimi, ta 43 a jerin masu gadon kujera, wadda mulki ya faɗo wa don duk na gabanta sun mutu. Tun farko ita ce ta fi Adama gaskiya: shi yana son komawa fagen daga, ita ta ce yaƙi ya ƙare, a gudu da mutum kusan 50,000 da suka rage. Suka raba aiki, harkar yaƙi tasa, sauran nata. Rabon bai jima ba. Da ta aika matuƙiyar jirginsa wani aiki ba da saninsa ba, sai ya tura sojoji suka kulle ta. Aka harbe shi, mataimakinsa Tigh ya kafa dokar soja, sojoji suka kashe fararen hula huɗu a jirgin Gideon wajen ƙwato kayan masarufi.

Wani zai ce ai duk da haka bindiga tana hannun Adama, mulkin Roslin aro ne, ranar da ya ga dama ya karɓe. Haka ne, kuma shirin bai ɓoye ba. Ya ma nuna Admiral Cain, wadda ta kwashe kayan jiragen farar hula ta bar mutanen ciki ga ajalinsu. Sai dai ƙarfin labarin yana wajen da ya ƙi wanke kowa. Roslin ce ta ba da shawarar a kashe Cain, ita ce kuma ta yarda a murɗe zaɓe. Sojan da ya taɓa tsare ta shi ya hana ta. Abokin takararta Baltar ya hau mulki bisa doka, bayan shekara ɗaya Cylon suka mamaye sabuwar duniyar da ya zaunar da jama'a.