Guntun Gatarinka: Daga Jakin Falke Zuwa Tirelar Kakau

Gabatarwa

A ƙarshen daminar 2023 yayana ya tsayar da kan tirela a ƙofar gidanmu da ke Kakau, a bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya kashe injin, ya miƙa wa mahaifinmu makulli. Tsohuwar DAF ce wadda ta gama aikinta a Turai kafin ta ƙetaro teku. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tuƙa motar wani. Wannan kuwa tasa ce, ko da yake rabin kuɗinta bashi ne, sauran rabin kuma gonarmu ta gado aka sayar. Mahaifinmu, wanda shi ma a kan sitiyari ya yi furfura, ya jujjuya makullin a tafin hannunsa ya ce: "Allah Ya sa albarka. To, kayan wa za ka ɗauka?" Wannan tambaya ce ta sa na bi diddigin sana'ar, domin in gano abin da ke tsayar da mutumin da shi ne mai mota, shi ne kuma direba.

Kafin zuwan mota

Sufurin kaya a ƙasar Hausa ya girmi mota nesa ba kusa ba. A ƙarni na 19 fatake kan tashi daga Kano da Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja su sayo goro. Madugu ke jan ayari, a kwana zango-zango, a biya fito a bakin kogi, a kai wa sarakunan hanya gaisuwa. Yaro yakan fara da kora jakunan ubangidansa. Idan an ga amanarsa, sai a ba shi jari, wata rana ya wayi gari da jakinsa na kansa. Amma ko da ya mallaki jakin, ba ya shiga daji shi kaɗai. Ayari ne tsaronsa, fatoma kuma shi ne mai haɗa shi da masu saye. Daga cikin Agalawa masu wannan fatauci ne Alhassan Ɗantata ya fito, wanda ya rasu a 1955.

Jirgi, masaƙu da manyan motoci

A 1911 layin dogo ya isa Kano, shekara guda bayan haka cinikin gyaɗa ya buɗe, a 1917 kuma Kaduna ta zama hedikwatar Arewa. Da mota ta shigo, hidimar jirgi ta fara yi: ta kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka ta kai tasha. Daga baya ne al'amarin ya juya. Kudancin kogin Kaduna ya cika da masana'antu: masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai ta buɗe a 1980. A daidai wannan lokaci harkar jirgin ƙasa ta yi ta ja da baya, kaya suka koma kan kwalta. A cikin ƙasar nan ma ana harhaɗa manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu.

A wannan zamani mahaifinmu ya shiga sana'ar a matsayin karen mota. Shi ne mai wanki, mai sa waigi a bayan taya in an tsaya a kan tudu, mai kwana a kan kaya. Daga nan ya zama direba. Da ubangidansa ya sayi sabuwa, sai ya sallame shi da tsohuwar mai bodin katako, ya ce ya riƙa biya a hankali. Babu takarda, babu banki. Tsarin fatake ne ya sauya riga: jaki ya zama mota, zango ya zama Tafa da Mararrabar Jos, fatoma ya zama ɗan kamasho. Abu uku ne suka riƙe wannan tsani: akwai kaya, kayan gyara na da sauƙi, ubangida kuma yana da rarar da zai sallami yaronsa.

Yadda tsanin ya karye

Matakin farko ya tsage a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa matsakaici, kowa ya koma kan kwancen Turai. Komawar babban birni Abuja a 1991 ta ɗan farfaɗo da hanyarmu, domin siminti da rodi da katako sun yi ta wucewa ta Kakau. Sai dai masaƙun Kakuri sun riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har UNTL ta tsaya a 2007. Motar da a da take kai atamfa Kudu ta dawo da wani kayan, sai ta rasa lodin tafiya.

Manyan kamfanoni kuma suka sayi nasu motocin. Rukunin Aliko Ɗangote, wanda tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa, yana da dubban tireloli masu ɗaukar kayansa. Abin da ya rage wa mai mota ɗaya shi ne masarar Saminaka, hatsin Dawanau, shanu, albasa da tumatir, kayan da ke da lokaci, wasu ma ba sa jure jinkiri. Ga masu garkuwa da mutane da suka addabi yankin Rijana da Katari, har tafiyar dare ta zama kasada. A 2022 man dizal ya yi tashin gwauron zabo, a watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuɗin taya da batir suka bi sahu.

A cikin wannan hali yayana ya fara. Tafiyarsa ta farko masara ya kai Legas. Ya kwana tara yana jiran lodin dawowa, yana ci daga kuɗin mai, taya biyu suka fashe a hanya. Da ya zauna lissafi, bayan kamasho da kuɗin ƙungiya da na shingaye, abin da ya rage bai kai albashinsa na da ba. A da in mota ta lalace, waya yake bugawa. Yanzu aljihunsa yake taɓawa. Abin da ya cece shi a wata na huɗu ba dabararsa ba ce. Wani dattijo mai harkar hatsi, wanda mahaifinmu ya yi wa dako shekaru da dama ba tare da buhu ɗaya ya ɓace ba, shi ya ji labari ya aiko a kira "ɗan wane", ya ba shi lodi na zuwa da na dawowa.

Kammalawa

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma gaskiya suka faɗa. Amma gatari ba ya amfani inda babu itace. Tarihin nan ya nuna mini cewa tun daga falke har direban yau, mallakar abin hawa ba ta taɓa wadatar da kowa ba. Mai jaki da ayari ya dogara, mai mota da masana'anta da kasuwa da hanya mai aminci. Daga cikin abu ukun da suka ɗaga mahaifinmu, babu wanda ya iso hannun yayana lafiya. Amana kaɗai ta iso, ita ma gadonta ya yi. Tambayar da ta rage ita ce ta karen motarsa, yaro ɗan shekara goma sha tara da ke kwana a ƙarƙashin tirelar nan yana gadinta. Har yanzu ana bin yayana bashi, ba shi da tsohuwar motar da zai sallame shi da ita. Ranar da aka ga irin wannan yaro ya karɓi makullinsa, ranar za a ce sana'ar ta miƙe.